Gurɓatar iska da lafiyar masu juna biyu a Birnin Gwari

Gurɓatar iska ita ce cakuɗuwar iskar da ake shaƙa da hayaƙi, ƙura ko wasu iskoki masu guba har su kai matakin cutar da lafiya. Mace mai juna biyu tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin abin da ta shaƙa ba ya tsayawa a huhunta. Yana shiga jini, ya isa mabiyiya, daga nan ya taɓa ɗan da ke ciki. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da wannan illa ke bi shi ne yanayin da likitoci ke kira oksidetib sitires da Turanci, wanda a wannan maƙala aka kira shi tsatsar ƙwayoyin jiki. Illolin da aka fi dangantawa da shi su ne hawan jinin masu ciki, haihuwar bakwaini, haihuwar jariri mara nauyi, ɓari, da haihuwar ɗa babu rai.

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari yanki ne na noma da kiwo, ba na masana'antu ba. Gurɓatacciyar iskar da mai ciki ke shaƙa a can yawancinta daga murhu take fitowa, sai ƙurar hunturu, ƙunar daji, da ƙurar niƙan duwatsun zinare.

Yankin da tushen hayaƙinsa

Birnin Gwari tana yammacin jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Zamfara, Katsina da Neja. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 250,000, warwatse a garuruwa irin su Kuyello, Dogon Dawa, Randagi da Kakangi. A cikinta ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe a 1936 a ƙarƙashin En'e, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120 ne, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

Inda daji yake kusa, itace ne makamashin da ya fi sauƙin samu. Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan gida 7 cikin 10 a Najeriya da itace, gawayi ko makamantansu suke girki, kuma a karkara adadin ya fi haka. Ana girki a murhun duwatsu uku, bayan girbi a haɗa da karan dawa da totuwar masara. Sai dai abincin gida ba shi kaɗai ne ke zaunar da mace a gaban wuta ba. Sana'o'in cikin gida da mata suka dogara da su kusan duk na wuta ne: suyar ƙosai da waina, ƙuli-ƙuli, turara shinkafa, man kaɗe, da dafa kalwa don daddawa, wadda kan yini a kan wuta. Mai irin wannan sana'a ba ta ajiye ta don ta sami ciki. Da damina lamarin ya fi muni, saboda itacen jiƙaƙƙe ne, hayaƙinsa ya fi yawa, ga ruwan sama yana tura girkin cikin ɗaki ko rumfar da aka toshe. Akwai kuma al'adar hura wuta da leda ko tsohuwar roba, wadda ke ƙara wa hayaƙin wasu gubobin da itace bai da su.

Da rani kuma wata iskar ce. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana kwaso ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, har hazo ya rufe rana. Lokacin ne ake ƙona gonaki da daji don sharar gona, farauta da neman sabuwar ciyawa, duk da cewa hukumar NESREA tana da dokar da ta taƙaita hakan tun 2011. Lokacin ne kuma sanyi ke sa a rufe taga, a shigar da kaskon garwashi ɗakin kwana. A gefen daji masu gawayi suna binne itace da ƙasa ya yi kwanaki yana turnuƙewa. A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai, a cikin matakan tsaro, ta hana sare itatuwa a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta kuma hana safarar itace da gawayi. Rikicin 'yan bindiga ya kori iyalai da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin gari, inda ɗaki ɗaya kan zama wurin kwana da wurin girki. A cikin garin ana iya ƙara hayaƙin janareta, injin niƙa da manyan motocin da ke bin hanyar Kaduna zuwa Tegina.

Abin da ke cikin hayaƙi

Itace ba ya ƙonewa sarai a buɗaɗɗen murhu. Abin da bai ƙone ba shi ne ke tashi a matsayin hayaƙi, kuma a cikinsa abubuwa uku suka fi muhimmanci ga mai ciki.

Na farko su ne ƙananan ɓurɓushi da ake kira PM2.5, wato waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba. Silin gashi ɗaya ya ninka su kauri kusan sau 30. Manyan ɓurɓushi hanci da maƙogwaro suna tare su, a fitar da su da majina ko tari. Waɗannan kuwa suna wucewa har ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta zuwa maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, da 15 a matsakaicin yini guda. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda aka yi a ƙauyukan kusa da Ibadan, ya auna fiye da 1,000 a madafai lokacin da ake girki da itace.

Na biyu iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Gawayi ba ya hayaƙin da ido ke gani sosai, shi ya sa ake ɗaukarsa mara illa, alhali yana fitar da wannan iska da yawa. Tana kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini fiye da yadda oksijin ɗin ke kama shi sau 200 ko sama. Jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe ta, kuma ya fi daɗewa kafin ya rabu da ita. Uwa tana iya jin ciwon kai kawai ta fita ta sha iska ta warware, amma na cikin bai warware ba tukuna.

Na uku su ne sinadaran da ke manne a jikin ɓurɓushin: dangin PAH irin su benzopairin, wanda ake samu a hayaƙin taba ma, da ƙarafa irin su ƙarfe da tagulla. Waɗannan ne suka fi tayar da tsatsa a jiki.

Tsatsar ƙwayoyin jiki

Hausa ba ta riga ta tsayar da kalma ɗaya ga wannan yanayi ba. An zaɓi tsatsa ne domin aikin sinadari iri ɗaya ne da abin da ke faruwa idan aka bar fartanya a ruwa, ko yankakkiyar doya ta sauya launi, ko mai ya daɗe ya canza wari: oksijin ne ke ƙwace ilaktiron daga wani abu ya sauya masa kama. Kwatancin yana da iyaka. Tsatsar ƙarfe ɓarna ce zalla, amma jiki yana buƙatar kaɗan daga wannan aiki.

A cikin kowace ƙwayar jiki akwai ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin a samar da ƙarfi. A wannan aiki wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce ya zama sinadari mai kaifi. Ilaktiron bibbiyu suke zama, to idan sinadari ya kasance da guda ɗaya tilo, gwauro ke nan, zai fizgi abokin zama daga duk abin da ya taɓa. Wanda aka fizga daga gare shi shi ma ya zama gwauro ya fizgi na gaba. Haka ɓarnar ke yaɗuwa a kitsen da ya kewaye ƙwayar, a sinadaran gina jiki, har a DNA mai ɗauke da gadon halitta. Jiki yana amfani da waɗannan gwaurayen sinadarai wajen kashe ƙwayoyin cuta da isar da saƙo tsakanin ƙwayoyinsa, kuma yana da garkuwar da ke kashe rararsu. Daga cikin garkuwar akwai inzayim irin su SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969, da katalas, da gulutatayon faroksidas mai buƙatar sinadarin seleniyom. Akwai kuma waɗanda ake samu daga abinci, kamar bitamin C da E. Bajamushen masani Helmut Sies ne ya fayyace ma'anar yanayin a 1985: rinjayen masu sa tsatsa a kan garkuwa.

Hayaƙi yana kawo wannan rinjaye ta hanya fiye da ɗaya. Ɓurɓushin kansa yana shigowa da gwaurayen sinadarai. Ƙarfe da tagullar da ke jikinsa suna juya haidirojin faroksaid ɗin da ke cikin jiki zuwa mafi kaifin gwaurayen duka. Fararen ƙwayoyin jinin da ke gadin huhu suna haɗiye ɓurɓushin suna zuba masa gubar da suke kashe ƙwayar cuta da ita, amma toka ba ta mutuwa, sai su ci gaba da zubawa suna kiran 'yan uwansu. Daga nan kumburin cikin jiki ke farawa, saƙonsa ya bi jini ya zagaya ko'ina. Masu bincike suna auna ɓarnar ta hanyar ragowar da take bari a jini da fitsari, kamar MDA, wanda ke nuna lalacewar kitse, da 8-OHdG, wanda ke nuna an taɓa DNA.

Wurin da abin ya fi bayyana shi ne bangon jijiyoyin jini. Bangon yana fitar da naitirik oksaid don jijiya ta saki ta buɗe. Gwaurayen oksijin suna haɗuwa da shi su lalata shi, jijiya ta tsuke, jini ya hau.

Abin da ya bambanta mai ciki

Ciki yana sauya numfashi. Yawan iskar da mai ciki ke shaƙa a minti ɗaya yana ƙaruwa da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, jininta ma yana ƙaruwa da kusan rabi. Idan ita da wadda ba ta da ciki suka zauna a madafi ɗaya, ita ce ta fi kwasar hayaƙi.

Babban bambancin yana ga mabiyiya. A nan akwai buƙatar rarrabewa, domin a bakin mutane da yawa kalmar mahaifa tana nufin jakar da ɗa ke kwance a ciki, tana kuma nufin abin da ke biyo bayansa idan an haihu. A wannan maƙala mahaifa ita ce jakar, mabiyiya kuwa (wasu na ce mata uwar tafiya) ita ce naman da ke manne da bangon mahaifa, wanda ɗa ke samun abinci da oksijin ta cikinsa ta hanyar cibiya.

A makonnin farko na ciki ɗan tayi yana girma ne cikin ƙarancin oksijin, kuma haka ya dace, domin garkuwarsa ba ta ƙosa ba. Ƙwayoyin mabiyiya suna kutsawa cikin ƙananan jijiyoyin mahaifa su toshe bakinsu, suna kuma rushe tsokar bangonsu don su zama masu faɗi da laushi. Tsakanin mako na 10 da na 12 toshiyar tana buɗewa, jinin uwa ya fara malalowa, oksijin a mabiyiya ya ninka fiye da sau biyu cikin ɗan lokaci. Aikin Eric Jauniaux da Graham Burton a Ingila, wanda aka buga a 2000, ya nuna cewa a wannan gaɓa ana samun tashin tsatsa ko a lafiyayyen ciki, sannan mabiyiya ta ƙara garkuwarta ta shawo kansa. Ma'ana, ko babu hayaƙi ciki yana tafiya ne kusa da iyaka.

Idan jijiyoyin nan ba su faɗaɗa yadda ya kamata ba, jini yana zuwa ne a yanke, ya zo ya ɗauke. Wannan zuwa da ɗaukewar yana haifar da tsatsa fiye da ƙarancin jini mai ɗorewa. Mabiyiyar da ta wahala tana sakin sinadarai cikin jinin uwa waɗanda ke lalata bangon jijiyoyinta a ƙoda, hanta da ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne asalin hawan jinin masu ciki mai tare da zubar sinadarin gina jiki a fitsari, wanda ke bayyana bayan mako na 20, idan awon jini ya kai 140 bisa 90. Idan ya tsananta shi ne ke zama jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya.

An daɗe ana zaton mabiyiya tana tace ɓurɓushin hayaƙi. A 2019 masu bincike na Jami'ar Hasselt a Beljiyam, ƙarƙashin Tim Nawrot, suka gano baƙin ɓurɓushin kabon a gefen mabiyiya da ke fuskantar ɗa, kuma yawansa ya bi yawan gurɓatar unguwar da uwar take zaune. A 2022, tare da Jami'ar Aberdeen ta Sikotilan, suka same shi a hanta, huhu da ƙwaƙwalwar 'yan tayi.

Girman matsalar

Ana kiran jariri bakwaini idan an haife shi kafin cikar mako 37, mara nauyi kuma idan bai kai giram 2,500 ba. Wani nazari da Rakesh Ghosh da abokan aikinsa suka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa a 2019 gurɓatar iska ta cikin gida da ta waje tana da hannu a haihuwar bakwaini kusan miliyan 6 da jarirai marasa nauyi kusan miliyan 3 a duniya. Rahoton yanayin iskar duniya na 2020 ya danganta mutuwar jarirai kimanin 476,000 a watansu na farko da gurɓatar iska, kusan rabinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga hayaƙin girki. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙidayar gawa ba, don haka girman abin ya kamata a duba a cikinsu.

Hayaƙi ba ya zuwa shi kaɗai. Zazzaɓin cizon sauro yana taruwa a mabiyiya ya rage wa ɗa nauyi. Ƙarancin jini, ciwon sikila da ƙarancin abinci mai gina jiki duk suna ƙara tsatsa ko su raunana garkuwa. Mace ɗaya a ƙauye tana iya haɗa uku daga cikinsu, shi ya sa raba alhakin kowanne yake da wuya ga masu bincike. Wani lokaci maganin ɗaya ne ke ƙara ɗayan: maganin sauro na kunnawa yana kwana yana hayaƙi a rufaffen ɗaki, alhali gidan sauro yana wannan aiki ba tare da hayaƙi ba. Turaren wuta ma, duk da ƙanshinsa, ƙonewa ce a kan garwashi.

Ƙurar zinare

Ana haƙar zinare a ƙasar Birnin Gwari tun zamanin Turawa, kuma har yanzu masu haƙar gargajiya suna yi. Haɗarin yana cikin niƙa dutse a bushe. A wasu ramuka dutsen yana ɗauke da dalma, kuma idan aka daka shi a turmi ko aka niƙa a inji cikin gari, ƙurar tana sauka a tsakar gida da abinci. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bankaɗo gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda yara aƙalla 400 suka mutu. A 2015 an sake samun irinta a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara 28 suka rasu.

Dalma tana ratsa mabiyiya kai tsaye. Tana kuma taruwa a ƙashi ta yi shekaru, to idan mace ta sami ciki jikinta ya fara ɗibar kalsiyom daga ƙashi don ginin ɗa, dalmar tana fitowa tare da shi. Yarinyar da ta shaƙi ƙurar tana ƙarama tana iya miƙa ta ga ɗanta bayan shekara goma. Dalma tana cinye gulutatayon, tana hawar da jini, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar ɗa. Zaibar da ake kama zinare da ita, idan aka ƙona ta a wuta, tururinta shi ma guba ne da huhu ke zuƙewa.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Tunda tsatsa ce, tunanin farko shi ne a ƙara wa mai ciki garkuwa da ƙwayar magani. An gwada, bai yi ba. A gwajin da Lucilla Poston ta jagoranta a Ingila, wanda aka buga a 2006, an ba mata masu haɗarin hawan jini bitamin C da E masu yawa. Hawan jinin bai ragu ba, jarirai marasa nauyi ma suka ɗan ƙaru. Gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya a Indiya, Peru, Afirka ta Kudu da Biyetnam shi ma bai ga amfani ba, kuma hukumar ba ta ba da shawarar shan waɗannan bitamin don wannan manufa ba. Ya kamata a tuna da wannan idan aka ji masu tallan magani suna cewa ƙwayarsu tana wanke guba daga jiki.

Tunani na biyu shi ne a rage hayaƙin. Gwajin da ya fi kusa da gidajen Najeriya an yi shi ne a Ibadan tsakanin 2013 da 2015, ƙarƙashin Christopher Olopade na Jami'ar Shikago da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan. An raba mata masu ciki 324 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka ba su risho mai amfani da itanol, rabi suka ci gaba da itace ko kananzir. A awon ƙarshe kafin haihuwa, kashi 1.9 cikin ɗari na masu itanol ne ke da hawan jini, a ɗayan ɓangaren kuwa kashi 6.4. Cikin masu itanol ya fi daɗewa da kimanin mako ɗaya. Da aka duba wasu daga cikin mabiyiyoyin, na masu itace da kananzir sun fi nuna alamun daɗaɗɗen ƙarancin oksijin.

Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ba da amsa mai sauƙi haka ba. A Kintampo ta Gana, raba murhun gas da ingantaccen murhun itace bai ƙara nauyin jarirai ba. Gwajin HAPIN, wanda ya haɗa mata 3,200 a Gwatemala, Indiya, Peru da Ruwanda, ya ba rabinsu murhun gas da gas kyauta. Hayaƙin da suke shaƙa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, amma a sakamakon 2022 matsakaicin nauyin jariransu giram 2,921 ne, na sauran 2,898, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Duk da haka, a gwaje-gwajen biyu, da aka bi matan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fi shaƙar hayaƙi sun fi haifar ƙananan jarirai. Masana sun kawo dalilai: hayaƙin maƙwabta da na waje yana nan, kuma an ba da murhun ne tsakanin mako na 9 da na 20, lokacin da ginin mabiyiya ya riga ya yi nisa.

Wannan dalili na ƙarshe yana da nauyi a ƙasar Hausa. Watannin da mabiyiya ke kafuwa su ne watannin da ake ɓoye ciki, musamman na fari, saboda kunya da tsoron baki. Mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya fito, goyon ciki a gidan iyaye kuma sai wajen watannin ƙarshe. Ga shi cikin fari ne ya fi haɗarin hawan jini. Amarya mai cikin wata biyu, wadda ba ta faɗa wa kowa ba, ita ce sau da yawa ake bar wa girkin gidan.

Rage haɗari

Gas da lantarki ne ke sauke hayaƙi kusa da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidajen karkara, kuma tashin farashin kananzir da gas ya mayar da wasu gidajen birni ma ga gawayi. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar tsaftataccen girki ta ƙasa a 2024. A Kaduna ƙungiyar DARE ta daɗe tana yaɗa murhun Save80, wanda ke rage cin itace sosai. Irin waɗannan murhu suna taimakon daji da aljihu, sai dai rage itace ba daidai yake da kawar da hayaƙi ba.

Matakan da ba sa buƙatar kuɗi su ne girki a fili ko a rumfar da iska ke ratsawa, shanya itace ya bushe, daina hura wuta da leda, rufe tukunya, jiƙa wake da kalwa kafin dafawa, da zama ta inda iska ke fitowa. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kada a kunna janareta a zaure ko kusa da taga. Dutsen zinare kada ya shigo gida, mai aikin ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya dawo. Inda akwai kishiya, ƙanwar miji ko suruka, karɓar wa mai ciki girki tun farkon ciki ya fi amfani a kan jira sai ta yi nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko kafin mako na 12, tare da auna jini kowane zuwa, da shan maganin ƙarin jini da folik asid. Inda abinci ba shi da kalsiyom sosai ana ba da ƙwayarsa, waɗanda ke cikin babban haɗari kuma likita kan rubuta musu ƙaramin asfirin. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko raguwar motsin ɗa alamu ne na a tafi asibiti nan take.

Bayan haihuwa

Haihuwa ba ta raba uwa da wuta. Wankan jego na kwana 40 yana cin itace mai yawa safe da yamma, a wasu gidaje kuma mai jego tana kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, jariri yana gefenta. Jariri yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, kuma hayaƙin girki yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa yara ciwon huhu na nimoniya. Idan uwa ta koma aiki, goyo yana kai shi bakin murhu.

A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi nazarin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan ciwon a yankin da zafin wankan jego da gishirin kunun kanwa. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner a Jamus ta nuna cewa tsatsa a tsokar zuciya tana sa a yanka sinadarin da ke kawo nono, furolaktin, zuwa wani guntu mai lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya ruwaito a 2015 cewa matan da ke da wannan ciwo suna da ƙarancin seleniyom a jini fiye da takwarorinsu masu lafiya.